Rewaya ya ce ƙwaƙwalwar Hilux ɗina ta ƙone: in sayo ta Beljiyam ko a gyara?

Abu_Hilux08:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen masu sanin wutar mota. Ina da Hilux ƙirar 2008 mai shan fetur, injin 2TR, giyar hannu. Da ita nake kwaso hatsi daga ƙauyuka zuwa Dawanau, ita ce hanyar abincina. Ranar Talata muna cikin tafiya ta ɗauke ɗif. Kik yana juyawa lafiya lau, amma ta ƙi kamawa. Muka ja ta zuwa gareji, bakanike ya ga babu wuta a fulogi, ya kira rewaya. Rewaya ya jona na'urar sikanin, ta ƙi magana da motar sam. Nan take ya ce birenbos ce ta ƙone, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa injin, in kawo kuɗi a sayo ta Beljiyam. Kuɗin da ya faɗa kuwa ba kaɗan ba ne. Shin in na sayo, jonawa kawai za a yi ta tashi? Ko ana gyara irin wannan? Don Allah wanda ya sani ya taimaka, kaka ta kama, mota kuma tana kwance.

SarkinWaya_KD:
Wa'alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Malam Abu, kada ka fitar da ko sisi tukuna. Don na'ura ta ƙi magana da mota, ba shi ke nuna ƙwaƙwalwa ta mutu ba. Abin da ya nuna kawai shi ne ba ta farka ba, kuma abubuwan da ke hana ta farkawa suna da yawa. Fara gaya mana: in ka murɗa makulli dashbod ya kawo wuta, kafin ka yi kik, fitilar cek inji tana kamawa? In ba ta kamawa a duba fiyus ɗin EFI, wanda ke ba ƙwaƙwalwa wuta, da rilensa, sannan a bi wayoyin negatif da ke ɗaure a jikin inji, don sukan yi tsatsa ko su saki. Shi kansa soket ɗin sikanin mai ƙafa 16 a gwada shi da mita: ƙafa ta 16 ce ke kawo wutar batir, ta 4 da ta 5 negatif ne. In babu wuta a nan, wata na'urar ko kunnuwa ba za ta yi ba. Rewayan naka ya sa mita kuwa, ko sikanin kawai ya jona ya yanke hukunci?

Dogo_Jos:
Ka buɗe makulli ka kasa kunne wajen tanki. In ka ji famfon mai ya yi ƙara na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa na da rai. In shiru, ta tafi.

Injiniya_Samaru:
@Dogo_Jos, wannan gwajin yana aiki a motoci da yawa, amma a nan zai iya ɓatar da mutum. Yawancin Toyota na wancan zamani ba sa kunna famfon mai da buɗe makulli, sai an yi kik inji ya fara juyawa. Shirun famfo ba shaida ba ne. Fitilar cek da Oga SarkinWaya ya ambata ta fi zama abin dogaro.

Akwai kuma abu guda da ake yawan tsallakewa. Ƙwaƙwalwa tana fitar da wuta bolt 5 zuwa ga wasu sansoshi, misali na totur da na fedar mai. In ɗaya daga cikinsu ya haɗe ta ciki, ko ɓera ya ci waya ta taɓa bodi, bolt 5 ɗin nan sai ta faɗi ƙasa, ita ma ƙwaƙwalwar ta yi tsit: babu cek, babu wutar fulogi, babu magana da sikanin. Alhali lafiyarta ƙalau. A riƙa zare soket ɗin sansoshin ɗaya bayan ɗaya ana kallon fitilar cek. Wanda aka zare ta dawo, shi ne mai laifin.

Dogo_Jos:
To madalla, na ƙaru. A tawa motar haka nake ji, shi ya sa.

Abu_Hilux08:
Na gode ƙwarai. Fitilar cek ba ta kamawa, sauran fitilun dashbod duk suna kamawa. Fiyus kam ya duba da fitilar gwaji, ya ce lafiya. Mita ban ga ya fito da ita ba. Wani abu kuma da na tuna, makon da ya wuce an yi min walda a kariyar baya. Amma motar ta yi ta aiki bayan nan.

MaiWalda_Gusau:
Tun da aka ambaci walda na san za a ɗora mana. Gaskiya ne walda tana kashe ƙwaƙwalwa in aka yi sakaci, musamman in mutum ya maƙala wayar negatif ɗin injin walda a can gaban mota, yana ƙona ƙarfe a baya. Wutar sai ta nemi hanya ta ko'ina, har ta cikin siraran wayoyi. Mu a shagonmu sai an cire kan batir, kuma dab da inda za a ƙona muke maƙalawa. Amma wadda walda ta kashe, galibi a nan wurin take ƙin tashi. Taka ta yi kwanaki tana aiki. A nemi wani dalilin ma.

Hajiya_MaiKaya:
Ɗana Abu, bari in ba ka labarin abin da ya faru da a-kori-kurar da nake bai wa direba. Haka aka ce mana ƙwaƙwalwa ce. Muka sayo, aka sa, mota ta tashi, kowa ya yi hamdala. Ba ta rufa wata ba ta sake mutuwa a hanya da kayan mutane. Sai da wani dattijon rewaya ya sa mita a batir ya ga caji ya haura bolt 16, ashe altaneta ce ke tafasa komai. Kwan fitilun gaba ma sun yi ta ƙonewa kafin nan, ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Sa sabuwar ƙwaƙwalwa ba a gano abin da ya kashe tsohuwa ba, kamar sake zuba hatsi ne a rumbun da gara ke ci. Ni asarar kuɗin ba ta dame ni kamar kunyar masu kaya ba.

SarkinWaya_KD:
Hajiya ta gama magana. Caji mai lafiya yana tsakanin bolt 13.5 da 14.5 ne. Tunda motar ba ta tashi yanzu, a kwance altanetar a kai a gwada ta a kan benci.

Kuma ina roƙon duk mai karanta wannan: ku daina bari a zare kan batir mota tana aiki wai don a ga ko tana caji. A zamanin kafireto an yi haka an wuce lafiya. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, batir ne ke shanye tsallen wutar altaneta, kana zare shi wutar za ta yi sama ta faɗa kan kayan lantarki. Haka nan ɗaukar wuta daga babbar mota mai bolt 24, ko a juya fozitif da negatif wajen haɗa batir da daddare. Yawancin waɗanda ake kawo min a ƙone, in ka bi diddigi ɗaya daga cikin waɗannan ne.

Baba_TsohonDireba:
Yara, ni duk wannan lissafin naku bai taɓa shiga kaina ba. Na tuƙa Marsandi 911 shekara da shekaru, daga Kano har kurmi, babu wata ƙwaƙwalwa sai ta direba. In ta tsaya, ko mai ne ko iska ta shiga layi, ka buga famfo ka wuce. Abu, me zai hana a mayar maka da ita kafireto ka huta? Na ga an yi wa motoci da yawa.

Injiniya_Samaru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Waɗanda ake mayarwa kafireto cikin sauƙi tsofaffin injina ne masu distiribita. Shi 2TR ba shi da ita, kowane fulogi da nasa kwayil a kai, kuma ƙwaƙwalwa ce ke gaya wa kowanne lokacin da zai ba da wuta. Totur ɗinsa ma na lantarki ne, babu kebul daga feda. Ga VVT-i, tsarin da ke canza lokacin buɗewar bawul, shi ma ita ke sarrafawa. Kafin a raba shi da duk wannan an yi masa ɓarna mai yawa, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Da tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023, mai ɗaukar hatsi ba zai jure ba.

Agadas_4x4:
Salamu alaikum daga Nijar. Ni ina bayan Baba ta wani gefen. Mu masu shiga sahara mun fi natsuwa da injin gazuwal mai famfon ƙarfe, irin 1HZ na Land Cruiser ko tsohon 5L na Hilux. In ƙwaƙwalwa ta mutu maka tsakanin Agadas da Dirku, wa za ka kira? Masu Hilux ta fetur a nan, masu hankalinsu suna ajiye ta biyu wadda aka riga aka gwada a motar, a naɗe cikin leda saboda ƙura. Amma wanda ke aiki kusa da gari kamar ɗan'uwa Abu, ya gyara abinsa yadda kamfani ya yi shi.

Baba_TsohonDireba:
To ai ka ji. Ni dai motar da sai an kawo kwamfuta kafin a san ciwonta ban yarda da ita ba.

DanKofarRuwa:
Mu dawo kan tambayar bawan Allah. Ni sana'ata ke nan. In ta tabbata sai ka saya, abu na farko lamba. A jikin ƙwaƙwalwar akwai farar takarda, za ka ga lambar Toyota ta fara da 89661, a irin taka yawanci 0K ne ke biye, sai sauran haruffa. Waɗannan na ƙarshen su ne magana. Hilux ɗin nan an haɗa ta a Tailan, an haɗa a Afirka ta Kudu, an tura ƙasashe daban-daban, soket ɗinsu sai ya zo iri ɗaya amma abin da ke ciki ya bambanta. Akwai ta giyar hannu, akwai ta atomatik, akwai mai tsaron makulli (wanda ke hana mota tashi in ba da makullinta mai cif ba), akwai marar shi. Kada wani ya ce maka "duk ɗaya ne, ai ta shiga". Ka zo da tsohuwar a hannu a haɗa lamba da lamba. Ka duba ko an taɓa buɗe wadda za a ba ka, sukurorin suna nunawa. Kuma ku yi magana a gaban shaida kan kwana nawa za ka gwada, don kayan wuta ba kowa ke karɓa in an dawo da su ba.

Hajiya_MaiKaya:
@DanKofarRuwa, ku ma 'yan kasuwa ku ji tsoron Allah. Akwai masu wanke wadda aka ciro a nan gida, su ce yanzu aka sauke ta daga kwantena.

DanKofarRuwa:
Akwai su Hajiya, ba zan musa ba. Shi ya sa na ce ya duba sukurori. Amma masu saye ma suna da nasu: a ɗauki lafiyayya a jona a motar da wayarta ta haɗe, ta ƙone, a dawo mana da ita a ce dama matacciya ce. Araha ba ta ado, kowa ya sani.

YaronOga22:
Gaisuwa ga manya. Ina koyon rewaya ne. Tambaya: motar da aka mayar ta gas, ko aka sa mata tiraka, hakan na iya taɓa ƙwaƙwalwa?

SarkinWaya_KD:
Yana iyawa in aikin ƙazami ne. Masu sa gas suna yanka wayoyin nozul su ratsa nasu, in ba a yi haɗin da kyau an rufe ba, wata rana zai taɓa bodi. Tiraka kuma tana da rilen da ke yanke famfon mai ko wutar makulli, in ya lalace mota ta ƙi tashi a ɗora wa ƙwaƙwalwa. Duk motar da aka kawo maka, fara neman inda aka naɗa baƙin tef wanda ba na kamfani ba.

Abu_Hilux08:
'Yan uwa ga inda aka kwana. Babu gas babu tiraka a motar. Na samo wani rewayan mai mita. Wuta tana isa soket ɗin ƙwaƙwalwa, negatif lafiya. Ya zare sansoshi kamar yadda Injiniya ya ce, bolt 5 ba ta dawo ba. Da muka ciro ta daga bayan aljihun dashbod, kafet ɗin wajen a jiƙe yake. Ya buɗe, ga wari, ga wani koren abu ya ci gefe guda na allon, wuri ɗaya kuma ya yi baƙi. Ya auna nozul huɗun duk kusan om 12, kwayil ma bai ga matsala ba. Sai ya aro wata daga wajen abokinsa muka jona. Cek ta kama, sikanin ya yi magana, amma har yanzu kik kawai take yi. Kod ɗin da ya fito B2799. Lambar ta aron ta bambanta da tawa a ƙarshe.

MaiWalda_Gusau:
Alhamdu lillahi, ruwa ne. An wanke masu walda.

SarkinWaya_KD:
Ba a gama wankewa ba Malam, baƙin wurin nan sai an san dalilinsa. Amma ruwa ne babban wanda ake zargi. Abu, an taɓa canza maka gilashin gaba? In gam ɗin bai kama da kyau ba, ruwan sama ta nan yake silalowa. Ko kuma bututun da ke zubar da ruwan AC ya toshe, ruwan ya koma ciki. A zuba ruwa da bokiti a kan gilashin, mutum ɗaya yana ciki da tocila.

MaiMakulli_Abj:
B2799 magana ce tsakanin ƙwaƙwalwa da akwatin tsaron makulli, ba su gane juna ba. Wannan ai mai sauƙi ne. A soket ɗin sikanin a haɗa ƙafa ta 4 da ta 13 da 'yar waya, a buɗe makulli ba tare da kik ba, a bar ta minti 30 cif, a kashe, a zare wayar, a tayar. Batir ya kasance da ƙarfi, a kashe fanka da rediyo. A ƙirga ƙafafun da kyau, don ta 16 wuta ce tsirara, in ka taɓa ta da kuskure ka jawo sabon aiki.

Injiniya_Samaru:
@MaiMakulli_Abj, hanyar daidai ce, amma sai in motar tana da akwatin tsaron tun asali. Hilux da yawa da aka shigo da su nan ba su da shi. Malam Abu, makullinka mai kaurin baƙin kai ne mai cif a ciki, ko ƙarfe ne zalla? Ka taɓa yanka sifaya a kasuwa ta tayar da motar?

Abu_Hilux08:
Ƙarfe ne zalla. Wanda yarona ke riƙewa ma a bakin kasuwa aka yanka, kuma yana tayar da ita.

Injiniya_Samaru:
To ka ga amsar. Motarka ba ta da tsaron makulli, ita kuwa ta aron daga mota mai shi aka ciro ta. Tana jiran izini daga akwatin da babu shi. Ko kwana za a yi da waya a soket ba za ta tashi ba. Amma aron ya yi amfani, tunda ya nuna wayoyinka suna kai wuta inda ya kamata.

MaiMakulli_Abj:
Haka ne, in babu akwatin wannan hanyar ba ta aiki. Sai dai ana iya buɗe ta aron a gyara bayanan da ke cikin ƙaramin cif ɗin ajiya, a cire mata neman makullin gaba ɗaya. Muna yi, kuma motoci suna tafiya. In mai ita zai sayar da sauƙi, wannan ma hanya ce.

DanKofarRuwa:
Tashi daban, lafiya daban. Na ga waɗanda aka yi wa haka, mota ta tashi amma cek ba ta mutuwa, silo yana hawa yana sauka. In an yi ta ne don ƙasar da motocinta ke da ƙarin sansa a salansa, za ta yi ta neman abin da babu a motarka. Ga mai lambar daidai a kasuwa, me ya kai ka faci?

MaiMakulli_Abj:
In an same ta ba. Wani lokaci sai ka yi sati biyu kana jiran a kawo daga kasuwar Ladipo ta Legas ko daga Sharja a Daular Larabawa, shi kuma kaka ba za ta jira shi ba.

Injiniya_Samaru:
Ni har yanzu ban fid da rai da tasa ta asali ba. In ɓarnar ta tsaya a ɓangaren da ke karɓar wuta ya mayar da ita bolt 5, wato dayod, kafasita, regileta da layukan da suka cinye, mai gyaran allo da ya iya aikinsa zai tashe ta, kuma ita ce ta dace da motar ɗari bisa ɗari. Toyota na shekarun 1990 ma da yawansu kafasita ce kawai ke zubar da ruwa ta ci allo, a canza a wanke su ci gaba. In babban cif ɗin tsakiya ne ya tafi, to sai haƙuri. A kai wa mai madubin ƙara girma ya duba kafin a yanke.

SarkinWaya_KD:
A nan kam mun rabu da Injiniya. Wadda wuta ta ƙona wuri guda ina yarda a gyara. Wadda ruwa ya kwanta a ciki, tsatsar tana shiga ƙarƙashin cif inda ido ba ya kaiwa. Yau ta tashi, bayan wata biyu a kan hanyar ƙauye mai gargada ta ɗauke da buhu arba'in a baya. In ni ne, zan sayi mai lambar daidai in sa, in ba da tsohuwar a gyara a ajiye ta zama sifaya, irin yadda ɗan'uwanmu na Agadas ya ce suna yi.

Hajiya_MaiKaya:
Wannan kuɗi biyu ke nan fa, Oga. Mutumin da motarsa ke kwance ina zai samo?

Agadas_4x4:
Ƙarin bayani ga masu ta gazuwal D-4D (mai nozul na lantarki) da ke karantawa, don kar su ɗauka duk ɗaya ne: in kun canza ƙwaƙwalwa sai an shigar mata da lambobin da ke rubuce a kan kowace nozul da kwamfuta. In ba a yi ba inji zai riƙa ƙwanƙwasa yana hayaƙi. Ta fetur ba ta da wannan.

YaronOga22:
Oga SarkinWaya, in za a sa sabuwar, akwai wani abu bayan jona soket?

SarkinWaya_KD:
Cire negatif na batir kafin ka taɓa soket. Duba ƙafafun soket ɗin motar, in koren nan ya kama su a wanke a busar, in ba haka ba ka kai cutar cikin sabuwa. Bayan ta tashi ka sa mita a batir nan take. Ka bar ta ta yi zafi a silo ba AC ba fitila, za ta daidaita kanta. Sannan a goge kod a zaga da ita a sake dubawa.

Abu_Hilux08:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun yi gwajin bokiti, ruwa yana shigowa ta kusurwar gilashi ta gefen fasinja, an canza shi bara. Gobe mai gilashi zai cire ya sake sa gam. Altaneta tana wajen gwaji. Ta aron mun mayar wa mai ita. Tsohuwar kuma mai gyaran allo ya ce in bar masa ita zuwa jibi kafin ya ce eh ko a'a. Ban yanke ba tukuna, ina son in ji farashin mai lambar daidai in kwatanta. @DanKofarRuwa na tura maka hoton takardar.

Baba_TsohonDireba:
Allah ya tashi kafaɗunta. Amma in ta sake yi maka, ka tuna da maganata.

DanKofarRuwa:
Na gani, sai dai hasken fulash ya rufe haruffa biyun ƙarshe, kuma su nake nema. Sake ɗauka a inuwa, ka haɗa da lambar Denso da ke ƙasanta.